Na Ba Ka Shi

Tun Hajiya Rakiatu tana da rai, gidanta na unguwar Akwatialine, cikin Zongo, bai taɓa tsallake Alhamis ba. Da la'asar a toya waina a raba sadaka, ita kuma ta zauna ta jero sunayen magabata tana yi musu addu'a. Da ta rasu, ɗanta Gariba, dillalin shanu, ya ci gaba. Amma ya cire suna ɗaya, Mai Randa, don ya tambayi dangi kaf, babu wanda ya san kabarinsa. Shi a ganinsa gyara ya yi.

Alhamis ta uku, ana kiran magariba, dutse ya faɗo kan rufin kwano. Sai na biyu. 'Yarsa Zaratu, da ke kwashe waina, ta ajiye cokali ta juyo da idon da ba nata ba, ta zube ƙasa.

Kwana biyu ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Hankalin Gariba ya tashi, ga shi ita kaɗai Allah ya ba shi. Ya ɗaure rago a tsakar gida, ya ɗauko Malam Seini daga Asokore Mampong.

Malam ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Sannan bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Ni na rako kakanku daga arewa. Shekara tamanin ana kirana cikin mutanen gida, kai ka share ni."

"Me kake so ka fita?" in ji Malam.

Kan Zaratu ya karkata wajen ragon. "Gariba, ka ba ni shi?"

Malam ya ɗaga hannu. "Alhaji, dakata..."

"Na ba ka shi! Wallahi na ba ka, ɗauka ka tafi!"

Muryar ta yi 'yar dariya, ta yi godiya. Jikin yarinyar ya saki.

Gariba ya fara hamdala. Malam kuwa bai ɗago kai ba, don ya san a Hausar mutanen Zongo, namiji da mace duk "shi" ake ce musu.

"Alhaji, da ka zo wurina me ka ce? Cewa ka yi, Zaratu ya faɗi, zo ka duba shi."

Gariba ya kamo hannun 'yarsa, ya kira sunanta sau uku. Hannun ya fara sanyi. A tsakar gida rago yana ta cin dusarsa.