Ƙafar Da Ban Danna Ba

"Ki ɗan matse shi mana, Zuciyata... kaɗan kawai!"

A kunne ya raɗa mini, ya sunkuyo kamar mai neman wani abu a kan teburina. Ban ɗago ba. Idona na kan tef ɗin da na zagaya a damtsen yarinyar.

"Ka koma wurin motarka," na ce. "Nan ba wurin direba ba ne."

"Yau kuma ni ne direba?"

"Jiya ma kai ne."

Saura wata guda bikinmu a lokacin. Ni mai awo ce a cibiyar wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje da ke kula da yara masu tamowa, shi kuma direban da ke kai mu ƙauyuka. A motar nan muka saba, tun yana ajiye mini kujerar gaba da sunan wai baya na sa ni jiri, alhali ban taɓa ce masa haka ba.

Aikina ba wuya a ido. Tef ne mai launi uku. In damtsen yaro ya faɗa a ja, a karɓe shi, a ba shi magani da ledojin abinci na musamman. In rawaya ce, a yi wa uwa nasiha, ta dawo bayan mako biyu. In kore ne, Allah Ya raya. Sai abu na biyu da aka koya mana tun ranar farko: ki cire wa yaro takalmi, ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, ki ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai dawo ba, ruwa ne ya taru a jiki, a kwantar da shi nan take ko me tef ya ce.

Yarinyar da ke gabana 'yar yayarsa ce, shekararta biyu ba kaɗan. Ƙyalƙyal ake ce mata saboda dariyarta. Ranar ko murmushi ba ta yi ba.

Yaya ta shirya ta kamar za a ɗauke ta hoto: sabuwar riga, an shafa mata mai har tana sheƙi, farar safa har gwiwa, da takalmi mai maɗauri. Sauran matan layi a tsumma suka rungumo nasu. Yaya ba za ta yarda matar da ƙaninta zai aura ta ga gazawarta ba.

Tef ya tsaya a rawaya. Tsakaninsa da ja bai kai kaurin farce ba.

Gaskiya ɗaya ce, na sha matse tef. Duk mai awo ta sha yi. Uwar da ba ki sani ba ta kalle ki, yatsanki ya ɗan ƙara ƙarfi, rawaya ta koma ja, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Amma makon da ya wuce shugabarmu ta sallami abokiyar aikina don ta shigar da ɗan ƙanwarta, kuma kowa a cibiyar ya san matsayin Yaya a wurina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

"Rawaya ce, Yaya," na ce ƙasa-ƙasa. "Ki dawo da ita bayan mako biyu."

"Ba ta cin komai fa. Yau kwana huɗu..."

"Ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa."

"Ke za ki koya mini raino?"

Hannuna ya kai kan maɗaurin takalmin. Wallahi ya kai! Sai Yaya ta janye ƙafar, ta gyara safar.

"Yanzu na yi mata wanka. Ba datti a jikinta, in shi kike nema."

Kunya ta lulluɓe ni. Ta yaya zan tuɓe 'yar yayar miji a gaban layi kamar ina neman aibinta? Na saki takalmin. A katin, inda aka tambayi kumburin ƙafa, na rubuta babu.

"Ta gaba!" na ce.

Kwana tara aka yi. A na goma da hantsi aka shigo da Ƙyalƙyal a guje, fuska a kumbure, ido a rufe. Likita ya danna ƙafarta, yatsansa ya shige kamar a laka. Ya duba katin, ya ga rubutuna.

"To, wani sa'in da sauri yake zuwa," ya ce.

Ni kaɗai a ɗakin na san ba a duba ba. Kafin la'asar aka ja mata zane.

Na je gaisuwa. Ɗakin cike yake da mata, ko sallamata ban ƙarasa ba Yaya ta miƙe.

"Ga mai tef ta zo! Ku miƙo hannuwanku ta auna, ta faɗa muku wanda ya cancanci rai!"

"Yaya, don Allah..."

"Kada ki ƙara ce mini Yaya! An faɗa mini kina matse wa 'ya'yan bare. Tawa ce ba ta isa ba? Tawa?"

Mahaifiyarsu ta juyar da kai bango. Wata ta janye tabarmar da zan zauna. Sai ga wanda zan aura a bakin ƙofa, idonsa jawur.

"Ku ƙyale ta! Doka ta bi. Ni da kaina na roƙe ta, ta ƙi, don amana aka ba ta. Kwana ne ya ƙare!"

"Har yanzu aurenta za ka yi?" in ji Yaya.

"Ko sama da ƙasa za su haɗe!"

"To zaɓi: ko ita, ko mu."

Ya ɗauko takalmana ya ajiye a gabana, ya raka ni har titi.

Daga ranar gidansu suka daina yi masa magana. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Kullum sai ya ce, "Ki ci abinci, Zuciyata, kin rame. Ba laifinki ba ne." Ko wuƙa ya daɓa mini da ta fi sauƙi.

A taron ma'aikata kuma shugabarmu ta tsayar da ni, ta ce a yi koyi da ni, wai ko dangi ban karya wa doka ba. Aka tafa mini. Daga can baya na hango shi, ya fi kowa tafi.

Saura kwana takwas biki aka tura mu wani ƙauye mu biyu, da kwalayen abinci a baya. Yana tuƙi yana ba ni labarin fentin da ya yi wa ɗakinmu. Na ji in ban yi magana ba zan shaƙe.

"Tsaya da motar."

"Lafiya? Ko jirin gaskiya ne ya zo yau?"

"Don Allah ka tsaya."

Ya gangara gefen hanya. Na faɗa masa komai: safar, maɗaurin, da abin da na rubuta a katin. Ban kalle shi ba sai da na gama.

Ya kashe motar.

"Da kin danna... me za ki gani?"

"Kumburi. Na tabbata."

"Sai a yi me?"

"Sai a kwantar da ita a ranar."

"Ta rayu?"

"Yawancinsu suna rayuwa."

"Da 'yar bare ce, za ki cire safar?"

"E..."

"Ba tare da tunani ba?"

"E."

Ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ashe kasancewarta tawa ce ta kashe ta. Ni na ce wa Yaya ta kawo ta wurinki, kin sani? Na ce mata, je ki, muna da namu a ciki!"

"Nawan, ka yafe mini..."

"Kada ki ce mini haka! Mako biyu ina zagin uwata a zuci saboda ke. Kina kallo ina tafa miki, kina kallo!"

"Na ji tsoron rasa ka."

"Kin ji tsoron shugaba, kin ji tsoron Yaya, kin ji tsoron rasa ni. Yarinyar kaɗai ce ba ki ji tsoron rasawa ba."

Na fashe da kuka. Bai ce in yi shiru ba. Ya jira har na gaji don kaina, sannan ya yi magana a sanyaye, kamar mai karanta takardar aiki.

"Ba aure. Yau zan koma gida in ce musu sun yi gaskiya, ba zan iya zama da wadda ta ƙi matse tef ba. Za su yi murna."

"Zan je in faɗa wa Yaya gaskiya, ko me za ta yi mini..."

"Ki kuskura!" Ya juyo a karo na farko. "Ita ta sa safar nan. Ita ta janye ƙafar. Yanzu tana iya barci don tana da wanda za ta tsana. Ran da ta san da hannunta a ciki, na rasa ta ita ma. Ki riƙe abinki ke kaɗai, har kabari."

Ya tayar da mota. Muka je ƙauyen, na auna yara sittin da uku, ya sauke kwalaye, muka dawo. Washegari ya nemi a canja masa hanya.

Shekara biyu ke nan. Ya yi aure bara, an ce mini matarsa tana da kirki. Har yanzu ina son sa, ba na ɓoyewa.

Yaya kuwa nakan haɗu da ita a bakin asibiti ko a tasha. Da ta hango ni sai ta tsaya, ta tofar da yawu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ga wadda ta kashe mini 'ya!"

Maganar takan taho mini har bakin leɓe. Sai in haɗiye ta, in sunkuyar da kai in ce, "Ni ce, Yaya."