Neman Sabis a Kan Tsauni

A wani shagon turare na kasuwar Souq Waqif a Doha Garzali ya fara ganin Na'ima. Direba ne, matar kafil ɗinsa, wato uban gidansa, ta aiko shi. Na'ima mai shago ta miƙa masa leda, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Malam, yalla, akwai mutane a bayanka," ta ce, tana danne dariya.

Magana ta yi nisa har ta kai gaban kawunta Zulkiflu, mai riƙon ta a Umm Salal. Kawu bai amsa ba tukuna zafi ya shigo, kafil ya kwashi iyalinsa zuwa wani gida a bakin tafki cikin tsaunukan Scotland, har da Garzali.

Sai shiru. Guguwa ta tsinke layin wayar gidan, itatuwa sun tare titi. A Doha kuwa Mu'azu, mai gadi a filin jirgi da ya daɗe yana son ta, ya baza cewa Garzali ya gudu. Kawu ya yarda. Laifin waɗanda suka tsere a Turai ne, sun bar masu gaskiya da zargi.

Ran Juma'a sabis ya ɗan ƙyalla, saƙonta ya shigo: "Nawan, ko kalma ɗaya ce ka turo. Kawu ya ce yau zai rufe maganarka. Na yi kuka har na gaji."

Sabis ya sake ɗaukewa.

Wata tsohuwa maƙwabciya ta nuna masa hanyar masu yawon ƙafa: ya bi gefen tafki, ya haye gadar katako, ya bi turakun alama zuwa ƙololuwar tsauni, can ake samun sabis. Mutumin Haɗeja da bai taɓa hawa abin da ya fi bene ba ya kama hanya da silifa, cikin ruwan sama. Taɓo ya haɗiye silifa ƙafa ɗaya. Hazo ya rufe tafkin. Ya ƙarasa da rarrafe, ya kira Na'ima ta bidiyo, Kawu ya karɓi wayar.

"Kai, wane daji ne wannan?" in ji Kawu.

"Kawu, nan kaɗai ake samun sabis. Wallahi ban gudu ba!" Haƙoransa na kaɗawa.

Kawu ya ga taɓon da ke jikinsa, ya ce: "Khalas, shi ke nan. Sauka kada ka mutu mana. Turo manyanka."

Na'ima ta leƙo da hawaye. "Ina takalminka?"

"Scotland ta karɓe, Gimbiya."

Da ya dawo aka ɗaura aure. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya shiryi masu saurin baki.