Numfashin Uwani

Zabiyar-Ƙarfe ta ɗauki baitin ƙarshe ta riƙe shi, ba rawar murya, ba gajiya. Akwati ce mai tsayin mutum a tsakiyar dandamalin Zauren Opera, gidan wasan kwaikwayo na waƙa na Birnin Tsauni, amma muryar ta Uwani Tsiga ce tun tana ganiyarta.

Uwani mezo-sofirano ce, wato mai muryar tsakiya, wadda ake ba matsayin uwa ko na mayya a wasa. Da muryar ta fara dusashewa, Injiniya Sallau ya tattara tsofaffin waƙoƙinta ya ɗura wa na'urarsa, aka sallami mai muryar da kambun furanni. Ta yi kewar dandamalin nan ƙwarai, har takan yi zagaye don kada ta bi ta ƙofarsa. Sai ga shi yau da hantsi Sallau ya aiko mata da jirgin-tasi, irin tasin nan mai tashi sama, ya kawo ta zauren.

“Hajiya, mun shiga matsala,” in ji shi bayan ya kashe na'urar. “Mutane suna fita da ciwon kai. Jiya wani dattijo ya suma. Na duba komai, ba kuskure ko ɗaya.”

Uwani ta yi murmushi. “Ɗana, a ina take shan iska?”

“Ba ta buƙata.”

“Su suna buƙata.”

Ashe mai sauraro, bai ma sani ba, yana ɗauke numfashi tare da mawaƙiya, sai ta ja iska shi ma ya ja. Zabiyar-Ƙarfe kuwa ba ta da huhu, don haka jama'a suke zaune ƙirji a cike suna jiran hutun da ba ya zuwa.

Sallau ya gwada saka numfashin da aka naɗa, abin ya ƙi. Numfashin mawaƙiya yana bin zaure ne: in wani ya yi tari ta jinkirta, in jikin jama'a ya yi sanyi ta ja shi a hankali.

“Ki dawo, Hajiya,” ya ce, kansa a sunkuye. “Ba waƙa za ki yi ba. Numfashi kawai.”

Maganar ta yi mata ciwo. Tun tana budurwa malamanta suke horar da ita ta ɓoye wannan numfashin, kada kowa ya ji shi. Amma dandamali ne, kuma ba ta iya ce masa a'a.

Da la'asar ranar Asabar ta tsaya gefen akwatin cikin doguwar rigarta, da 'yar makirufo a wuya. Muryar ƙuruciyarta ta cika zauren, ita kuma tana jan iska a inda ya dace. Jama'a suka saki jiki, wasu har da hawaye.

Da aka gama, zaure ya miƙe da tafi. Akwati ba ta iya rusunawa, sai Uwani ta rusuna a madadinta.

A bayan labule Sallau yana ta murna. “Kin gani? Yanzu muryarki ba za ta taɓa mutuwa ba.”

Uwani ta cire makirufon ta miƙa masa, tana haki kaɗan.

“Haka ne,” ta ce. “Ranar da na mutu, sai ka nemo wanda zai yi mata numfashi.”