Tsohuwar Fankar Yaya

Wallahi tallahi ba za ku yarda ba, kuma ban ga laifinku ba, tunda wanda abin ya faru da shi bai taɓa fara magana da gaskiya ya ƙare ta da gaskiya ba. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ranar da ya haura katangar makaranta bai sake waiwayarta ba. Shi ne ya taɓa jona wa ƙofar shagon tela wayar lantarki, duk wanda ya kama mariƙin sai ya daka tsalle yana salati. In kuwa ya buɗe baki, to babu na'urar da ta gagare shi a duniya.

Ran nan rana ta kusa faɗuwa, yana tafe shi kaɗai zuwa layin masu gyara, ba ya tsokanar kowa, ba ya amsa wa masu tsokanarsa. Wata tsohuwar fankar kwamfuta zai je karɓowa.

Ga yadda aka yi. A ɗakin yayansa marigayi akwai kwamfutar tebur, fara ce amma tsufa ya mai da ita ruwan ƙasa. Da ita Yaya ya riƙe gidan, yana buga wa mutane takardu, har bayan ciwon ƙirji ya hana shi fita. Fankarta na da wata irin ƙara, kurrr, ta ɗan tsaya, ta sake ɗauka, kamar mai jan numfashi da ƙyar. Umma, mahaifiyarsu, idonta ya yi rauni, da kunne take tsaron gidanta. Muddin tana jiyo ƙarar nan daga ɗakinta, ta san ɗanta na zaune a kujera. Shirun da ta ji wata safiya shi ya fara sanar da ita, tun kafin kowa ya buɗe ƙofa. Daga nan kullum da yamma sai ta dafa bango ta shiga ɗakin, ta danna madannin, ta zauna a bakin gado tana saurare har a kira salla.

Shi kuwa Injiniya ƙarar ce ke ba shi kunya. A ce gidan injiniya guda, kwamfuta na gurnani kamar tsohon injin niƙa! Da Umma ta tafi ganin likitan ido, sai ya kwance akwatin. Ya share ƙura mai kauri kamar auduga, ya cire tsohon faifan ajiya ya kwashe duk abin da ke ciki zuwa sabo, ya ƙara mata ram, ƙwaƙwalwar da ke sa ta sauri, ya ɗaura sabuwar fanka mai sheƙi. Tarkacen da ya cire ya watsa wa mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a kurarsa ta turawa. Sannan ya laɓe a bayan ƙofa yana danne dariya.

Umma ta shigo da yamma, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Ta sunkuya ta kara kunnenta a jikin ƙarfen.

Ya yi wuf ya fito. "Umma, kin ga aikin manya! Yanzu ko jirgin sama ba zai kamo ta ba, kuma ko sauro ya fi ta ƙara."

Ba ta juyo ba. Hannunta na kan akwatin.

"Auta," ta ce, "sau biyu ke nan ɗakin nan yana yi mini shiru."

Bai tsaya neman takalmin kirki ba, ya fita.

Layin masu gyara ya watse. An ja ƙofofin shaguna, an kashe janareto, sai warin darma da ƙonanniyar roba da ke rataye a iska. Rumfar mai gwangwan tana can ƙarshen lungu, an zagaye ta da tsohon kwano. Ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ya buga, ya yi sallama, ba kowa.

Wani zai ce sai gobe. Injiniya ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga gefen kwanon ya kurɗa.

Ciki ya fi waje duhu. Tsibin matattun talabijin, tsibin wayoyi a cukurkuɗe, akwatunan kwamfuta a buɗe kamar an farke musu ciki. Ya tsuguna yana tono. Fanka ta fi ɗari a wurin, duk kamarsu ɗaya.

Sai ya ji ta.

Kurrr. Ta tsaya. Kurrr.

Murna ce ta fara kama shi. Ya miƙe ya yi taku biyu, sannan ya tsaya cak. Babu wuta a rumfar nan. Babu batir. Babu abin da zai juya fanka.

Wani abu kuma ya faɗo masa a rai. Da safe, da ya cire ta, ya sa yatsa ya tura fukafukanta, suka ƙi motsi. Tsatsa ta cinye ta tun tuni, wayarta ma a tsinke take. Har dariya ya yi a lokacin, bai tambayi kansa komai ba.

To wa ke yi wa Umma ƙara duk yamma?

Wari ya sauya. Ɗumin ƙura, da man shafawar nan na masu ciwon ƙirji. Warin ɗakin Yaya.

A saman tsibin akwai wani abu a tsugune. Siriri ne, launin toka, gwiwoyinsa sun wuce kansa. Ya rungume fankar a ƙirji kamar jinjiri. Ba fankar ke ƙara ba. Shi ne.

"Auta."

Muryar Yaya ce, har da ɗan shaƙewar nan ta ƙarshe.

Injiniya ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

"Kai... ba kai ne Yaya ba," ya ce cikin raɗa.

"Ban ce ni ne ba. Maƙwabcinsa ne ni. A akwatin nake kwana, akwai ɗumi. Yana tari, ina ji. Ya sani, bai kore ni ba."

Abin ya sauko taku ɗaya. Ƙarfe bai motsa a ƙarƙashinsa ba.

"Da ya tafi, fankar ta bi shi. Tsohuwa ta danna, ta ji shiru, ta yi kuka. Sai na yi mata. Kullum ina yi mata."

"Ka yi haƙuri. Zan mai da ita. Zan mai da komai yadda yake, ni injiniya ne, minti..."

"Ka share min shimfiɗa. Ka sa iska mai sanyi. Ba na komawa."

Taku na biyu.

"Amma tsohuwa na jira."

Injiniya ya ja baya, bayansa ya daki kwano.

"Kai mai gyara ne," abin ya ce a hankali, ba faɗa a muryar, sai gajiya. "In ka cire abu, me kake yi wa gurbinsa?"

Injiniya ya shiga laluben kwanon da ke bayansa.

"Me kake yi?"

"Ana... ana sa wani."

Hannun ya miƙo daga inda hannu bai isa ya kai ba. Yatsa ɗaya. Ya sauka a tsakiyar ƙirjinsa.

Zafi. Ƙura ta cika masa hanci, ta cika maƙogwaro, ta gangara.

Injiniya ya faɗa kan kwanon da duk ƙarfinsa. Kwanon ya yage masa kafaɗa, ya mirgina waje, ya tashi, ya faɗi, ya tashi. Bai waiwaya ba. Sai da ya isa bakin titi, inda fitilun motoci suke, sannan ya ga fankar a damƙe a hannunsa. Bai san lokacin da aka ba shi ba.

Washegari ya mai da ita gurbinta, ko da yake ya san ba za ta juya ba. Da yamma Umma ta shigo, shi yana rakuɓe a gefen tebur. Ta danna.

Kurrr. Tsayawa. Kurrr.

Fuskarta ta saki. Ta zauna a bakin gado, ta lumshe ido. Shi kuwa ya toshe bakinsa da hannu biyu, don daga ƙirjinsa ƙarar ke fitowa, kuma ba shi da ikon tsai da ita. Sai da aka kira salla ƙarar ta sake shi.

Haka suka yi kwanaki. An kai shi asibiti a ɓoye, an ɗauki hoton ƙirjin, likita ya ce bai ga komai ba. Tela da sauran waɗanda ya sha yi wa tsiya suka ce sabon salo ne ya ƙirƙiro, suka yi ta roƙonsa ya koya musu. Ya yi musu murmushi kawai. Ya rame, ya daina hawa matakala da gudu.

Wata yamma Umma ta shigo, ba ta danna komai ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ƙarar ta tashi a kan lokacinta. Ta bi ta da kunne, ta wuce tebur, ta wuce akwatin, har tafin hannunta ya sauka a ƙirjin ɗanta.

Ta daɗe a haka.

"Tun yaushe?"

"Umma, kin ga ci gaba," ya ce, yana jan iska tsakanin kalmomi. "Wannan ko an ɗauke wuta tana aiki."

Ba ta yi dariya ba. Ta zare wayar kwamfutar daga bango da kanta, ta naɗe, ta lulluɓe akwatin da zane. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Auta, daga yau ka riƙa barin ƙofarka a buɗe in za ka kwanta."