Kamu Shida na Barau

A shekarar da aka faɗaɗa hanyar motar da ta ratsa Sheme, sanƙira ya zagaya gari da sabuwar doka: duk katangar da ke kallon hanya kada ta wuce kamu shida, don direba ya riƙa hango kwana. An ce ran Laraba dogari zai bi gida-gida da gorar awo, wanda tasa ta zarce a rushe ta har tushe.

Malam Barau mai ƙyalle bai jira gora ba. Gajere ne, hannunsa ma gajere, kuma duk kasuwar Faskari an san kamunsa goma bai fi takwas na mutane ba. Da hannun nan ya ci ya sha, da shi kuma ya auna katangar da kakansa ya gina, ya ja layi da gawayi. Goggo Suwaibatu, ƙanwar ubansa, ta tare shi.

"Barau, katangar ga ba don ɓarayi aka ɗaga ta ba. Dubi tsamiyar da ke bayanta."

"Goggo, tsamiya ba ta ɗaure mutum. Dogari yana ɗaurewa."

Kafin la'asar ya gama sarewa.

Magariba ta kawo jiki, kaji suna hawa akurki, 'yarsa Lauratu tana tankaɗe a tsakar gida. Sai gidan ya yi tsit, irin shirun da har akuya take daina tuƙa. Tubali guda ya faɗo kan tukunyar tuwo ya raba ta biyu. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya sami Goggo a goshi, jini ya rufe mata ido. Aka fita bayan gida da sanduna, ba kowa, kuma tubalan daga tarkacen da Barau ya sare suke tashi.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu Lauratu ta ajiye rariya, ta juya ta ƙura wa tsamiya ido, ta yi dariya da muryar tsoho. Ta ɗaga turmi da hannu ɗaya ta wurga wa ubanta, ya kauce, turmin ya karya ƙyauren ɗaki. Ta kama tunkiya ta murɗe mata wuya. Ƙarti huɗu suka danne ta, ta gantsara wa ɗaya cizo har ƙashi, sannan ta shiga buga kanta da ƙasa. Barau ya tsugunna yana kuka, don ita kaɗai Allah ya bar masa.

Washegari aka ɗauko Malam Nata'ala daga Ruwan Godiya, tsohon da ya san aikin iska. Ya sa aka ɗaure ta a tabarma, ya tayar da hayaƙi, ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Can sai muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, mi kake nema wurin ɗiyar mutane?"

"Mai tsamiya. Da kakanshi muka yi alkawari: mu bisa reshe, su bayan katanga. Abin da ba mu gani ba, ba mu taɓawa. Yanzu mun gani."

"Doka ce ta sa shi. Ba shi da iko."

"Doka shida ta ce. Ku ɗauko gorar ku gwada."

Aka roƙo gorar daga wurin dogari, aka jingina. Katangar ta gaza da taƙi uku cur, kuma daidai kan gorar ne reshen ke ɓacewa ga wanda ke tsakar gida. Ashe katangar kakansa kamu shida ce daidai; da Barau ya jira Laraba, da ba abin da zai faru. Ba wanda ya iya kallonsa.

"Gobe za a mayar da tubali har kan gora," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita, amma ba hannu sake ba. Ko ɗiyar, ko abin da ya yi awon."

"Ba na ciniki da jikin Musulmi."

Malam ya koma karatu da ƙarfi. Wuyan Lauratu ya fara juyawa baya a hankali, ana jin ƙarar ƙashi, jini na bin hancinta. Barau ya miƙe. Malam ya daka masa tsawa, bai tsaya ba. Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan tarkacen katangar, daga gwiwa zuwa yatsa, yadda yake yi wa ƙyalle.

Tubali ya sauko. Wani ya bi shi. Sai da aka ƙirga shida.

Lauratu ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

An ɗaga katanga, dogari ya zo ya auna ya wuce. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hannun dai ya shanye. Ran kasuwa Lauratu ce ta zauna gefen ubanta tana awo, kuma ita doguwa ce. Wata mata ta karɓi ƙyallenta, ta sake aunawa kamar yadda ta saba, ta ce, "Malam, yau ya cika."

Barau ya dubi 'yarsa, ya gyara hannun rigarsa. "Ya cika," in ji shi.