Hotunan Mahajjata da Suka Ɓace

Kowa a ofishin jigilar alhazai na Alhaji Ummaru da ke unguwar Paris-Congo yana da abin faɗa game da Lailatu. Taufiq, mai yankar tikiti, ya ce ta fi jandarma tsanani. Hidaya, mai ɗaukar hoton fasfo, ta ce ko gaisuwarta da gargaɗi take zuwa: a rage girman hoto kafin a ajiye. Kwamfutocin ofishin rumbun ajiya ɗaya suke da shi, Lailatu ce ke kula da shi, ba ta kuma da kunyar kowa a kansa.

Shi ya sa ranar Asabar, da aka wayi gari jakar hotunan fasfon mahajjatan bana ta ɓace daga rumbun, ita kowa ya kalla. Alhaji ya kira ta maciya amana a gaban ma'aikata da baƙi, ya ce ta tattara kayanta, ya kuma aika kumisariya a turo ɗan sanda.

Sufeto Falalu ya tarar da ita zaune a kujerarta.

"An ce ki tafi, Malama."

"An ce. Ban goge ba, ba kuma zan fita da sunan ɓarauniya ba."

"Kin taɓa goge abin wani?"

"Sai mai shi yana tsaye a kaina. Tambaye su, abin da ya sa ba sa sona ke nan."

Ya koma kan Taufiq, wanda aka sani da tara waƙoƙi.

"Ranka ya daɗe, tun bara ta kore min su. Ranar Alhamis ma ko wasiƙa na kasa ajiyewa, rumbun ya cika."

Hidaya ta yarda cewa da mafi girman awo take ɗaukar hotunan, don biza ta fito tsaf, har jakarta ta fi kowace nauyi. Amma aikinta ne na wata guda ya tafi, ranar Juma'a kuma tana wajen suna a unguwar Moursal.

Falalu ya dubi kwamfutar. Sannan ya ce wa Taufiq ya sake gwada ajiye wasiƙar. Kwamfutar ta ƙi. Babu wuri.

"Ikon Allah. An kwashe kaya mafi nauyi, rumbu yana nan cike. Malama Lailatu, buɗe mana abin da ya fi girma yanzu."

Ta buɗe, bidiyo ne, kiɗa ya cika ofishin. Ga Alhaji cikin babbar riga yana karɓar baƙi a bikin ɗansa.

Alhaji ya gyara murya. "Wannan nawa ne. Mai bidiyo ya kawo jiya bayan masallaci, yana sauri, na kwafa."

"Ya shiga kai tsaye?"

"Ya ce ba wuri. Sai na share wata jaka. Amma a tawa kwamfutar, ta cikin ofishina. Ban taɓa ta kowa ba."

"Alhaji," in ji Falalu a hankali, "da don neman wuri Malama ta goge, da mun tarar da wurin. Wanda ya goge shi ne wanda ya cike gurbin. Abin da kake gani a taka, shi kowa ke gani a tasa. Taga ce kawai, ɗakin ɗaya ne."

Babu wanda ya ɗago kai. Alhaji ya matso kusa da Lailatu, ya sassauta murya.

"Kalas, ya wuce, 'yata. Zo ciki mu yi magana."

"A'a, Baba Alhaji. A nan ka faɗa."

"Ni sa'an mahaifinki ne."

"Shi ya sa ɓata nasa sunan ya fi min ciwo. Wata mata cikin baƙin da suka ji ka ɗazu a kasuwar Grand Marché take sayar da atamfa, rumfarta na kallon tasa. Zan zauna mu kira mahajjata su dawo da fasfo, mu sake ɗauka, ƙanana yadda na ce. Amma ba zan taɓa komai ba sai na ji ka wanke ni a gaban kowa."

Falalu ya ɗauki hularsa, bai dai fita ba. Alhaji ya kashe bidiyon da hannunsa, ya juyo ya fuskanci ma'aikata da baƙin da ke kan benci.

"Ni na goge. Lailatu ba ta ci amanar kowa ba. Na zalunce ki, Lailatu. Ki yafe mini."