Rufin da Kasiran Ya Gudu Ya Bari

La'asar sakaliya Jatmiko ya ɗaure tamfol a bayan babur. Hadari ya haɗo ta wajen dutse, baƙi ƙirin, ga shi sabon gidan da yake gina wa mahaifiyarsa rabin rufinsa a buɗe yake.

Shekara shida ya yi a jirgin kamun kifi a tekun Taiwan, yana aiko da guminsa gida. Magini Pak Kasiran, wato Malam Kasiran, shi ne ya karɓi aikin. Ya ta da bango, ya ɗora molo, babban gungumen da rufi duka ke hawa kansa. Aka yi walima, aka rataya wa molon ayaba da rake da damin shinkafa kamar yadda aka saba. Ya rufe gefe guda na rufin da tayil. Daga nan ya yi ɓatan dabo, kwana tara kafin Jatmiko ya dawo. Wayarsa a kashe. Matarsa ta ce yana birnin Semarang, surukinsa ya ce Solo.

Mahaifiyar, Mbok Sarinten, tana bakin ƙofar tsohon ɗakinta tana tsintar shinkafa.

"Le, ɗan nan, ina kuma za ka? Tun da ka dawo ɗuwawunka bai san tabarma ba."

"Zan lulluɓe rufin ne, Mbok. In ruwan nan ya sha katakon, shi ke nan. Jibi fa nake so ki tare, ko da a ɓangaren da aka gama ne."

"Shekara arba'in ina tarar yoyo da kwanoni, ka ga na narke? Bari sai da safe."

"Kafin safe ai an gama ɓarna."

"To kada magariba ta same ka a can. Ka ji ko? Kunnen ƙashi, sak ubanka."

Gidan yana ƙarshen gari, bayan gonakin shinkafa, inda hanya ke ƙarewa a kurmin gora. Kwaɗi sun cika duniya da kuka. Ya kafe babur, ya shiga. Komai yana nan yadda Kasiran ya bar shi: siminti ya daskare a kwano, kofi ya bushe a gindin kofin gilashi, silifa ƙafa ɗaya a tsakar ɗaki. Ya yi tsaki. Wane irin sauri ne zai sa mutum ya gudu da takalmi ƙafa ɗaya?

Ya jingina tsani daga ciki, ya hau. Iska ta yi ta kokawa da shi, yana kama wannan kunnen tamfol wancan na kufcewa. Can nesa ladan ya kira salla. Ya ce a ransa, igiya ɗaya ta rage.

Yayyafi ya fara.

Ya hau kan molo kamar mai hawa doki don ya ɗaure igiyar. A nan tafin hannunsa ya ji wasu ramuka a ƙarƙashin fenti. Gurbin tsofaffin ƙusoshi ne, an cike su da ƙasa an shafe. Sabon katakon icen jati mai ƙwari aka ce masa an saya. Wannan kuwa ya girmi kakansa.

"Ɓarawon banza," ya faɗa a fili.

Ya ciro makullin babur ya kankare fentin. Wani wari ya taso daga cikin itacen. Kafur, irin na wankan gawa. Da danshin ƙasar da aka tona yanzu-yanzu.

Kwaɗi suka yi tsit, duk a lokaci guda.

Ruwa ya kece. A ƙarƙashinsa, ɓangaren da ke da tayil, ya ji ana matse tsumma. Tsurrr. Shiru. Tsurrr.

Ya leƙa ta tsakanin katakai. Mutum ne zaune a ƙasa, daidai ƙarƙashin molo, ya sunkuyar da kai. Wataƙila manomi ne ruwa ya koro.

"Sannu, Pak. Fakewa ake yi?"

Tsurrr.

Aka yi walƙiya. Su uku ne.

Aka sake yi. Bakwai. Sun jeru a layi ɗaya, tsawon gungumen, duk sun fuskanci alƙibla. Farin ƙyalle ne a jikinsu, ya yi caɓa-caɓa da laka, an ɗaure shi a saman ka. Ruwa na tsiyaya daga jikinsu yana bin siminti. Tsakanin na shida da na bakwai akwai gurbi, daidai zaman mutum ɗaya. Ƙafar tsaninsa tana gab da na farko.

Muryar da ta zo ba ta fi numfashi ba, amma ta ratsa ƙarar ruwan.

"Jawo tamfol ta nan, Le. Muna jiƙa."

Ya ƙanƙame gungumen.

"Wata uku muna jiƙa."

"Mbah," ya ce da ƙyar, "kakannina, ku yi haƙuri. Gidan uwata ne."

"Rufinmu ne."

Wata muryar, ta tsohuwa, ta karɓa a hankali, kamar mai yi wa baƙo albishir.

"Jibi ko? Mun bar mata wuri."

Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, ta kuɓuce masa. Ya sake ɗaukowa. Kalma biyu, sai ta watse.

Tsani ya yi ƙara.

Matakin farko.

Na biyu.

Ba a hawa da sauri. Warin kafur na ƙaruwa.

Ya ja jiki baya-baya a kan gungumen, fenti na manne masa a cinya, har ya kai ƙarshen bango. Ƙasa ba ta ganuwa. Wani ƙullin farin ƙyalle ya ɓullo ta tsakanin katakai, yana ɗigar ruwa.

Wani abu mai sanyi ya kama masa diddige.

Ya saki jiki.

Lakar gona ce ta karɓe shi. Idon sawunsa ya yi ƙas, bai tsaya jin zafi ba. Ya bar babur, ya bar tamfol tana kaɗawa a sama, ya bi kunya yana faɗuwa yana tashi. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Fitilar farko da ya tarar ta gidan Mbah Wiro ce, tsohon da ke kula da maƙabarta. Tsohon ya buɗe, ya haska shi, ya kamo hannunsa ya sunsuna. Ya daɗe bai saki ba.

"A ina ka taɓa itacen nan?"

Jatmiko ya faɗa masa, rabi da baki rabi da hannu.

"Inna lillahi," in ji Mbah Wiro. "Rumfar da ke kan kaburburan waɗanda suka sari garin nan ce ta karkace, muka ba Kasiran gyara. Ya sauke ta, ya ce gara ta cinye molon, wai ya ƙone shi, zai kawo sabo. Muna ta jira. Ashe can ya kai maka." Ya dubi Jatmiko sosai. "Sarinten ta taɓa kwana a ciki?"

"A'a."

"Ko gyangyaɗin rana?"

"A'a, Mbah."

Tsohon ya sauke numfashi, ya zauna daɓas a kan benci.

Washegari da hantsi maza goma sha biyu suka sauke tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Suka saɓa molo a kafaɗa, suka bi ta gonaki da salati har maƙabarta. Jatmiko yana gaba, yana ɗingishi da sanda, kuma bai bar wurin ba sai da aka rufe rumfar tsaf. Mbok Sarinten ta ƙare daminarta a tsohon ɗaki. Da rani ya koyi aikin katako, ya je daji da kansa ya ga bishiyar a tsaye kafin a sare ta. Bai sake komawa teku ba. Sawun yatsu huɗu a diddigensa har yau bai goge ba.

Kasiran kuwa, wani direban garin ya gamu da shi a tashar motar wani gari da ake kira Kudus, tsakiyar rani, rana na dukan kwalta. Yana zaune ƙarƙashin rufin kankare, ya rame, rigarsa sharkaf, ruwa na bin gemunsa yana taruwa a gindin benci.

"Pak Kasiran? Wa ya watsa maka ruwa?"

Kasiran bai gane shi ba. Ya ɗaga kai ya dubi busasshen rufin, ya matsa gefe kaɗan, yana rawar ɗari.

"Nan ma yoyo yake," ya ce.